Katunan Malama Sake

Ƙarfe goma da minti bakwai na safe darakta ya cire kati na bakwai daga jikin allo, ya jefa shi kan 'yan'uwansa a gefen tebur. Kowane kati fitowa ɗaya ce a shirinsu na talabijin mai dogon zango, kuma duka bakwai ɗin na Malama Sake ne, shugabar makarantar cikin shirin, wadda ba ta karɓar aikin kowa sai ta buga tebur sau uku ta ce, "Sake!"

Wai 'yan kallo sun gaji da ita. Wai. Ko ɗan kallo ɗaya bai tambaya ba.

Edita ta tuna masa da wasiƙun marubucin shirin. Ba wanda ya taɓa ganin marubucin nan. Duk Litinin rubutunsa yake isowa ta gidan waya cikin ambulan ruwan ƙasa, shi ya sa suke kiransa Mai Ambulan. Da darakta ya aika masa cewa zai fitar da Malama Sake daga shirin, sau biyu ya amso cikin ladabi, da hujjoji masu lamba ɗaya zuwa biyar. Yanzu haka kofin shayin darakta a kan hujja ta uku yake zaune.

Ga rashin godiya kuma. Duk abin da suka sani na tsara labari a gefen takardun Mai Ambulan suka koya, inda yake bar musu darasi da jan biro. Kada ka sa baki ya faɗi abin da hannu zai iya nunawa. Abin da ka nuna a fitowa ta biyu, ka yi aiki da shi kafin ta ashirin. Jarumi mai taurin kai ba a roƙonsa, hana shi ake yi. Wannan na ƙarshen ya fi burge darakta, don a cewarsa ya san mutane irin haka da yawa.

Yana cikin kurɓar shayi aka turo ƙofa.

Dattijuwa ce, tabarau rataye da igiya a wuya, ga ƙatuwar jaka a hammata. Ta yi sallama a taƙaice, ta dubi allo, ta dubi katunan da ke gefen tebur, ta dire jakarta a kansu.

Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa, in ji ta, ba a taɓa raina ta ba sai da wannan shiri ya fito. Yanzu yaran unguwa ƙofar gidanta suke bugawa sau uku su ruga. Mai kanti in ta ce ya auna mata sukari sai ya tambaya ko ya sake. Jiya jikarta ta cikinta ta buga mata tire.

Edita ta buɗe baki za ta yi mata albishir cewa ai an riga an cire Malama Sake daga shirin.

"Ban ba ki izinin magana ba, 'yar nan."

Edita ta rufe bakinta kamar 'yar aji uku.

Darakta ya gyara zama a kan tebur. "Mama, ki zauna mu yi magana mana."

"Ban haifi mai zama kan tebur ba. Sauko." Ya sauko kafin ya ankara, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. "Ba roƙo na zo yi ba, yaro, umarni ne. Matar nan ta fita daga shirinka yau. Na hana ka sake nuna ta ko da inuwarta ce."

"Kin hana ni? A ofishina?"

Ta buga tebur sau uku. Shayi ya fantsama a kan hujja ta huɗu. Mai kyamara ya shige bayan labule yana ɓoye dariya da tarin ƙarya.

Darakta ya ɗaga jakar da yatsa biyu ya ajiye gefe. Ya kwashi katunan, ya shiga mayar da su jikin allo ɗaya bayan ɗaya, yana danna kowace ƙusa kamar da ita yake faɗa. Da ya gama ya ƙara sababbi uku farare, ya rubuta sunan Malama Sake a kansu da manyan baƙaƙe. Ya rantse sai matar ta kai ƙarshen zango, kuma a bakinta za a rufe shirin.

Dattijuwa ta sa tabarau ta ƙare wa allon kallo.

"Ko jerawa ba ka iya ba," ta ce. "Ta ɗakin jarrabawa ce kafin ta asibiti."

Ya gyara a fusace, ba tare da ya waiwaya ba. Edita ce kaɗai ta ɗan yamutsa fuska, don ba a ko ɗauki fitowa biyun ba tukuna, balle wani na waje ya san jerinsu, amma ta tuna ba a ba ta izinin magana ba.

Dattijuwa ta ɗauki jakarta, ta ce za su ji daga gare ta a rubuce, ta fita ta bar ƙofa a buɗe. Darakta ya yini yana ba kowa labarin yadda ya taka wa wata tsohuwa burki.

Ita kuwa a hanya ba ta kula kowa ba. Ta isa gida, ta cire takalmi ta jera su daidai, ta ba jikarta alawar da ta yi mata alkawari saboda ta ari sunanta a ƙagaggen labarin tire. Sannan ta zauna a teburinta, inda wasiƙar darakta take ajiye tun makon jiya, an bi ta da jan biro an ba ta huɗu bisa goma.

Ta yaye zanen da ke kan tafireta, ta lissafa fitowa uku da aka ƙara wa Malama Sake, ta jawo sabuwar ambulan ruwan ƙasa, don Litinin ta kusa.