Rigimar Barnabas da Saleh

Alisabatu ta jefar da tsintsiya ta gyara ɗaurin zane. Sun sake farawa.

Duk unguwar Majidaɗi an san Barnabas da Saleh. Benci ɗaya suke zama da mijinta Simeon tun suna samari. Ran Kirsimeti shinkafa ta tsallaka gidan Saleh, ran Sallah nama ya tsallako gidan Barnabas. Amma ƙasar kabarin Simeon ba ta gama bushewa ba, sai ga tsofaffin nan suna nuna wa juna yatsa a bakin titi.

Da fari wai akuyar Saleh ce ta ci rogon Barnabas. A daidai tagar Alisabatu suka tsaya suna ihu, dole ta fito. Ranar ta fara taka ƙofar gida tun bayan jana'iza. Ta ba wannan haƙuri, ta ba wancan, suka watse suna huci.

Washegari rigimar kwatar ruwa ce. Bayan kwata, reshen mangwaro. Abin ya ci mata rai, domin abotar nan ita ce abin da ya rage mata na Simeon, kuma ta rantse ba za ta mutu a gabanta ba.

Ta je wurin fasto, ta je wurin liman. Ta hau mota har Iware ta ɗauko yayan Barnabas, tsohon ya yi musu faɗa, ya ci tuwo, ya koma. Matansu kuwa ko a jikinsu. In ta kai ƙara wurin Asta, matar Saleh, sai ta miƙo mata kwano.

"Zauna ki sha kunu tukuna, Maman Rejoice. Kin sha rana."

Sai ta shanye tas, don zirga-zirgar nan yunwa take sa ta.

Ran Laraba ta samu suka gaisa har da musafaha. Ran Alhamis Barnabas ya ce Saleh ya harare shi. Harara fa! Mutum da furfura har a gira. Takaici ya sa Alisabatu kuka, ta ce ta gaji, yau sai gaban mai unguwa, in ya so a tara su a kunyata su.

Ta bi ta lungun baya don kada su gan ta. Daidai katangar Saleh ta ji ƙanshin gasasshiyar doya, ta kuma ji muryoyin da ta sani, ƙasa-ƙasa.

"Gobe kai za ka fara," in ji Saleh. "Maƙogwarona ya gaji."

"A kan me kuma? Akuya ta ƙare, kwata ta ƙare."

"Ko a kan me, Barnaba. Ran da muka shirya, matar Simeon za ta koma ɗaki ta kulle ƙofa, mu kuwa mun yi masa alkawari ba za mu bari ta bi shi ba."