Gawar da Ke Neman Hularta

Kai fa ka cika musu! Wai me mutane ke nema a wasan da suka riga suka san ƙarshensa? Zauna in ba ka misali, in ka ga dama ka ɗauka.

A wani gari akwai 'yan wasan kwaikwayo da suka shekara talatin suna wasa guda ɗaya a ɗakin taro, duk Asabar bayan la'asar. Labarin wani attajiri ne mai fataucin goro da aka zuba wa guba a fura, ana ta neman wanda ya aikata. Ƙanensa ne, kowa ya sani, har yaran goye sun sani. Amma kowace Asabar sai an rasa wurin zama. Wanda ke fitowa a matsayin attajirin wani mai gyaran keke ne. In ya sha furar ya faɗi, hularsa takan gangaro daga dandamali ta nufi ɓangaren mata, inda matarsa ke zaune a bencin gaba, ita kuwa ta ɗauka ta riƙe a cinya. Da an kama mai laifi sai gawa ta miƙe, ta kaɗe riga, ta ce, "Jama'a, wa ya ga hulata?" A fashe da dariya, matar ta miƙa masa, su kama hanyar gida yana ɓare mata dafaffiyar gyaɗa. Shekara ashirin yana mutuwa yana tashi. Ran nan ya yi ciwon kwana uku, ya yi wadda ba a tashi. Wani ya gaji rigar da hular. Da matar ta fita takaba ta koma bencinta. Sabon ɗan wasan ko kama da mijinta bai yi ba, siriri ne kamar kara, amma ya koyi faɗuwar da za ta kai hular gabanta.

Ana nan sai ƙungiyar ta yi sabon shugaba, wani matashi da ya je birni ya ga yadda ake yi. Ya ce ina aka taɓa ganin gawa na neman hula, ai wannan shirme ne. Ya sa aka cire hular, ya mai da laifin kan abokin cinikin attajirin don a sha mamaki, a ƙarshe kuma mutum huɗu suka ɗora gawa a makara suka fita da ita ta ƙofar baya. An sha mamakin kuwa, ko tafi ɗaya ba a yi ba. Jama'a suka watse, tsohuwar nan matar marigayin na zaune, hannuwanta a buɗe a kan cinya. Shugaban ya zo ya ce, "Iya, ai an tashi." Ta ce, "Ɗan nan, an taɓa fitar min da shi a makara sau ɗaya. Ba wannan na zo in sake gani ba." Asabar ta zagayo, bencinta babu kowa, na bayansa ma haka. Ashe kusan duk mai zuwa wurin nan yana da nasa da aka fitar ta ƙofa bai dawo ba. Sai da yaron nan shugaban ya yi Asabar shida yana yi wa katakon benci wasa, sannan ya ɗauki hular ya je har gida ya durƙusa wa tsohuwar. Aka mai da komai yadda yake, ƙane ya koma mai laifi, ɗaki ya cika har taga. Hular ta gangaro, duk zarenta ya tsittsinke, ta ɗauka ta riƙe. Da gawa ta tashi ta tambaya, sai da tsohuwar ta ɗan jinkirta kafin ta miƙa.

To, ka ji. Ba banza Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani ba.