Farantin Solar Dakta Badaru

Dakta Badaru ya dira Turawa da baƙi daga jami'a, yana ta hura hanci. Tuni yake bibiyar farantin solar da ya kafa a tsakar gidansu, ta kwamfuta daga Kano. Kullum rana ta take, sai wuta ta ja baya. Ya shelanta wa duniya cewa zafi ne ke gajiyar da siririn shimfiɗin da ke jigilar lantarki a cikinsa. Har lambar yabo aka ba shi.

"Inna, baƙi za su ga farantin nan."

"Su dakata sai la'asar, kuɓewata ba ta bushe ba," in ji Inna Hajo. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Tun da ka kawo shi ban sake shanya a tabarma ba."