Ruwan da Baba Bai Taɓa Ba

Shekarar da yajin aiki ya rufe gidajen mai, Baba ya ɗauko ni daga Jiratawa a bayan a-kori-kurarsa, ina zaune kan bidunan esansi, wato jarkokin fetur. Kafin mu kai Maraɗi motar ta fara nauyi, wani wari kamar na ƙonannen gashi ya taso daga ƙarƙashina.

Baba ya tsaya. Ya tofa yawu a ƙarfen tayar baya, yawun ya yi cuu ya bushe. Birki ne ya cije, hayaƙi na fita dab da bidunan.

Ya sauke ni, ya miƙo mini butarsa. "Ɗiyata, tahi rijiyar can ki ɗebo min ruwa. Kada ki yi sauri."

Rijiyar na da nisa. Ina tafe ina kuka, kunnena na baya.

Da na dawo ya sauke bidunan, ya saki wayar birkin, tafin hannunsa duk ya sale. Butar ya ajiye gefe, ko ɗigo bai zuba ba.

Sai da na haihu na gane ba ruwa ya aike ni nema ba.