Rawar da Zarrin Ta Yi Cikin Ruwan Sama

Zarrin na gaban madubi a ɗakin kwalliyar 'yan fim a Lahore sai Sarfaraz ya shigo, ya ajiye mata awarwaron zinare.

"Na Ammi ne," ya ce. "Ta amince da aurenmu."

Ta san mahaifiyarsa ba ta kyauta a banza. Duk garin ya san rawar da Zarrin ta yi a wani fim cikin ruwan sama da jiƙaƙƙen zanen sari, wadda dattawa suka tsine wa, samari kuwa suka cika silima dominta.

"Da wane sharaɗi?"

Ya kau da kai. "Ki ce mata tilasta miki aka yi."

"Babu wanda ya tilasta min, Sarfaraz sahib. Ni na tsara abata."

"Ƙarya ɗaya tak, Zarrin. Don Allah."

Ta daɗe tana kallonsa ta madubi har idonta ya ciko.

"A ina ka fara ganina?"

"A fim ɗin."

Ta ɗauki kwalli.

"To je ka gaya wa Ammi kai ma tilasta maka aka yi ka kalla."