Baƙuwar Ciyawar Roba

"Baba, a naɗe wagga ciyawa kafin Juma'a," in ji duba-gari. "Ƙaramar hukuma ta hana shimfiɗa ta a tsakar gida. Ruwa take riƙewa, sauro na hayayyafa."

Tsohon bai yi musu ba, don shi ke zuba mata ruwan. Da aka ba Zamfara jiha, ɗansa ya samu aiki a Gusau. Ya sayar da ragowar shanun, ya ɗauko uban daga rugarsu ta Zurmi ya aje shi Ƙaura. Ya shimfiɗa masa ciyawar roba don ya riƙa ganin kore, ya tafi. Sai sallah-sallah yake leƙowa.

"Ai ba ta tsiro, Baba," in ji duba-garin. "Roba ce."

"Na sani, ɗana. A kiwo na tsufa."

"To ruwan na mene ne?"

Tsohon ya yi nuni da baki. Balbela guda ta sauko daga katanga, tana taka jiƙaƙƙiyar ciyawar a hankali, tana waige-waigen shanu.

"Ita ce ba ta sani ba," in ji shi. "Kuma ita kaɗai ke shigo mini."