Yatsan Malam

"Malam, tagogi a fashe, yara a ƙasa. Yaya zan bar 'yata a nan?" in ji wata mata.

Ina zaman banza a ƙofar makarantar da na gudu tun aji huɗu.

Tsohon malaminmu ya ce, "Baiwar Allah, ba a auna makaranta da taga." Ya nuna titi. "Waccan nas ɗin ɗalibata ce. Mai gyaran wutar can ma ɗalibina ne."

Yatsansa ya iso kaina. Na miƙe, na ɓoye sigari, na gyara wuyan riga.

Yatsan ya ɗan tsaya, sannan ya wuce.

"Har mangwaron can, mu muka shuka."

Matar ta miƙa masa hannun 'yarta. Ni kuwa na koma na zauna.